Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Odar Saƙar Hunturun Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da ku magidanta da kuke zuwa yi wa iyali oda, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Mun gode da ciniki, mun gode da zumunci. Allah Ya bar mu tare.

Damina ta yi sallama, hunturu na tafe, kuma kun san daga Nuwamba zuwa Fabrairu shagon nan ba ya samun sararin numfashi saboda odar hular sanyi, safa, rigunan yara da shawul ɗin jarirai. Kafin aiki ya rincaɓe muka ga ya dace mu sanar da ku wani sauyi. Daga yanzu mun daina yanke kuɗin aiki daga kallon hoto kawai. Sai mun yi magana da mai oda, a shago ko ta WhatsApp, an zaɓi irin saƙar da za a yi da irin zaren, sannan a zo kan kuɗi da ranar karɓa. Wasu za su ga kamar jan rai ne, shi ya sa muka rubuto domin ku ji dalili.

Yawancin odar da muke samu da hoto take farawa. A ga abu a Instagram ko TikTok, a turo mana, a ce "irin wannan nake so, nawa ne?" Da yake mu da kwarashi muke saƙa, abu na farko da muke dubawa shi ne ko aikin kwarashi ne ma tukuna. Da yawa daga cikin hotunan nan saƙar inji ce ko ta kibiya. Ku ma za ku iya ganewa: ku matso da hoton kusa, idan fuskar saƙar jere take lif-lif kamar ƙananan kitso, daga sama har ƙasa, to ta inji ce ko ta kibiya. Ita saƙar kwarashi ƙafafu gare ta a tsaye, da ƙulli a kan kowace ƙafa, kuma ta fi kauri. Mai kibiya tana riƙe da madaukai na layi guda gaba ɗaya, inji ma haka yake yi, shi ya sa yake da sauri. Mai kwarashi kuwa madauki ɗaya ne ke rataye a ƙugiyarta, sai ta gama wannan ƙafar sannan ta soka ta gaba. Har yau babu injin da masana'antu ke fitar da wannan saƙa da shi. Duk abin kwarashi na gaske da kuka gani, ko a babban kanti ne, hannun mutum ne ya yi shi. Don haka idan aka kwatanta kuɗin rigarmu da na rigar sanyin da ake zubawa a kasuwa, an haɗa abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Ga shi kuma kwarashi ya fi kibiya cin zare ko da girman rigar ɗaya ne.

Akwai kuma sabuwar fitina, hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa a kwamfuta. Za ku ga 'yar tsana ko jaka mai kyan gaske, amma idan mai sana'a ta bi layin da ido sai ta ga ya ɓace a tsakiya, ko ƙafafu sun narke cikin juna. Irin wannan babu hannun da zai fitar da shi yadda yake. Idan muka ce muku ba zai yiwu ba, ba ƙyuya ba ce.

To, mu zo kan saƙar kanta. Bayan sarƙa, wadda ita ce harsashin kowane aiki, kusan duk adon da kuke gani daga ƙafafu uku yake fitowa. A shagonmu muna ce musu gajeriya, matsakaiciya da doguwa. A gajeriya, a soka kwarashi, a jawo zare, a sake naɗawa a fitar ta cikin madaukai biyun lokaci guda. A matsakaiciya, sai an naɗa zare kafin a soka, sannan a fitar ta cikin madaukai uku gaba ɗaya. Doguwa ma da naɗi take farawa, amma biyu-biyu ake sauke madaukanta, shi ya sa take miƙewa. Tsawon doguwa ɗaya ya kai na gajeriya biyu, har da ɗoriya. Ma'ana, bargon da aka yi da gajeriya zalla yana buƙatar layuka ninki biyu na wanda aka yi da doguwa, zarensa ma ya fi yawa, alhali idan aka shimfiɗa su a gado faɗinsu ɗaya. Nan ne rigimar farashi take tasowa. Hajiya za ta ce maƙwabciyarta ta karɓi nata a kaza, me ya sa nata ya fi tsada? Amsar tana cikin ƙafar da aka zaɓa.

Kowacce da inda ta dace. Gajeriya tana da tauri, ba ta barin rami, ita ce ta jaka, tafin takalmin jariri da 'yar tsana, don kada audugar ciki ta leƙo. Doguwa tana da laushi da sauri, tana zubowa a jiki, amma iska na ratsa ta. Mu a ganinmu, ga hular yaro da rigar sanyi a irin hunturunmu, matsakaiciya ta fi: tana tare iskar asuba, kuma ba ta yi wa yaro nauyi idan rana ta ɗaga. Kun dai san yadda hunturu yake, da safe ana karkarwa, da azahar ana neman inuwa.

Sai adon da ake ginawa a kansu. Mai fanka, doguwa biyar ce ake sokawa a rami ɗaya su buɗe. Tana da kyau a bakin shawul kuma ba ta da wahala. Mai igiyar ruwa, ƙari ne a wuri ɗaya da ragi a wani, a bi haka har ƙarshe. Mai tudu-tudu, wadda mata ke yawan so saboda tana fita a hoto, ita ce sarauniyar cin zare, domin kowane tudu naɗi ne a kan naɗi a rami guda. Shawul ɗin da aka cika da ita yana da nauyi, kuma idan aka wanke shi yana daɗewa bai bushe ba. Mukan ba da shawara a sa ta a gefe kawai.

Wanda ya fi jawo mana dogon bayani shi ne bargo mai gida-gida, wanda ake saƙa ƙananan murabba'ai daban-daban sannan a haɗe su. Mutane na ɗauka shi ne mafi sauƙi tunda guntaye ne, wasu ma na cewa ai ragowar zare ne. Saƙa gida ɗaya ba komai ba ne: doguwa uku-uku, da sarƙa a kusurwa. Aikin yana bayan nan. Duk inda aka sauya launi, an bar jela biyu ta zare, ta farawa da ta gamawa. Ku ɗauki bargon jariri mai gida 36, kowane gida launi huɗu. Jela takwas ke nan a gida ɗaya, 288 a bargon, kuma kowacce sai an zura ta a allura an ɓoye ta cikin saƙar, gaba da baya. Ba a ma zo haɗa gidajen da yin baki ba. Wanda ya ƙulla jelar ya datse da almakashi zai gama da wuri, ya sayar da araha, amma wanki kaɗan ƙullin zai kwance, rami ya buɗe. Mu ba ma yin haka. Saboda haka daga bana yawan launi zai shiga lissafin kuɗi. Mai son gida-gida da sauƙin kuɗi ta zaɓi launi biyu, ko babban gida guda ɗaya da za a yi ta zagayawa har ya kai girman bargo.

Game da hula, muna roƙo a daina ce mana "ɗan wata uku ne" kawai. Yara ba kansu ɗaya ba. A sami tef ɗin tela a zagaya kan yaron ta saman gira da saman kunne, a turo mana adadin da santimita. Kan sabon jariri yakan kama tsakanin santimita 33 zuwa 36, kuma a watannin farko girma yake yi da sauri. Daga wannan awon muke fitar da faɗin tsakiyar hula, wato mu raba shi da 3.14, mu ɗan rage saboda saƙa tana miƙewa. Idan da doguwa ce, mukan fara da 12 a zagayen farko, mu riƙa ƙara 12 a kowane zagaye har faifan ya kai wannan faɗin, sannan mu daina ƙari, hular ta sauko da kanta. Masu koyo a wajenmu su riƙe wannan: ƙari ya yi yawa, baki ya yi tattara, ya yi kaɗan, faifai ya lanƙwashe tun bai kai ba.

Kayan suna kuma, don Allah a riƙa yi mana uzuri. Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, kuma cikakken saiti, shawul da riga da hula da safa, ba ya kammaluwa a wannan tsakanin idan akwai wasu a layi. A yi oda tun ciki yana wata bakwai. Mun san akwai kunyar ɗan fari, akwai kuma waɗanda ba sa son a ji ana shiri tun kafin a sauka lafiya. Kaka ko gwaggo ko yaya za ta iya yin odar a madadin mai cikin, mu kuma bakinmu alaikum. Idan ba a san mace ce ko namiji ba, fari, ruwan madara da ruwan ƙwai mai haske duk suna tafiya.

A kayan jarirai ba za mu ƙara sa duwatsun ado, ƙananan maɓallai ko igiyar ɗaurewa a wuya ba, ko da suna cikin hoton da aka turo. Yaro komai baki yake kaiwa. Ido da hancin 'yar tsana ta ƙaramin yaro da zare za mu ɗinka su. Saƙa mai manyan ramuka ma mukan bar ta ga mayafin manya, saboda yatsun jariri na maƙalewa a ciki.

Zaren da kowa ke kira ulu, mafi yawansa babu gashin tunkiya a ciki. Akirilik ne, dangin roba, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Yana da ɗumi, ba shi da nauyi, yana jure wanki, amma ba ya shiri da zafi. Wannan maganar ta shafi masu jego musamman. Kada a yi wa kayan saƙa guga, kada a shanya su kusa da murhu ko kaskon gawayi. Masu turara kaya a kan kabbasa su bari garwashin ya lafa sosai, kuma a nisanta kayan da shi, domin akirilik narkewa yake yi, kuma inda zafi ya taɓa ya saki ke nan har abada. Saboda wannan dalili ba ma yin abin sauke tukunya ko na ɗora ta da shi, sai da zaren auduga. Auduga ce kuma muke ba da shawara ga duk abin da za a sa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da gari ya ɗau zafi, sai dai ta fi nauyi kuma ta fi tsada. Wanki da hannu, da ruwan da ba zafi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa. Rataya jiƙaƙƙiyar riga a igiya ita ke sa ta zazzago ta koma ta yayan mai ita.

Maganar kafin alƙalami. Za mu riƙa karɓar rabin kuɗi kafin a fara, kuma dalili biyu ne. Zare mai kyau yawanci daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa bai zauna wuri ɗaya ba. Na biyu, kowane dunƙule yana da lambar rini a jikin takardarsa. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma idan lambar ta bambanta za a iya ganin bambanci a tsakiyar bargo, musamman a hasken rana. Dole mu sayi zaren aikinku gaba ɗaya a tashi guda. Masu kawo nasu zaren su duba wannan lamba, kuma su ƙara dunƙule ɗaya a kan abin da muka ƙiyasta. Idan ya ragu za mu mayar muku.

Ga masu sayen zare da kwarashi a wajenmu suna koyo a YouTube, ku lura da ƙasar mai koyarwar. Abin da Amurkawa ke kira singil, wato gajeriyarmu, shi mutanen Ingila ke kira dabul, alhali dabul a Amurka doguwa ce. Wadda ta bi tsarin Ingila da fahimtar Amurka za ta ga aikinta ya yi tsawo ninki biyu. Tsarin da aka zana da alamomi, irin wanda Japanawa suka yi fice da shi, ya fi aminci, tunda kowace alama tana nuna siffar ƙafar da ake nufi. Ku kuma duba lambar milimita a jikin kwarashi ku gwada da wadda aka rubuta a takardar zaren. Ga matsakaicin zare, milimita 4 zuwa 5 ne aka fi amfani da shi.

Yanzu a shago mun rataye samfurin kowace saƙa da muka ambata, ku zo ku taɓa da hannunku, ku ɗaga ku ji nauyi. Na nesa za mu tura musu bidiyo. Idan babban aiki ne, kamar bargo ko rigar manya, za mu fara saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 tsawo da faɗi da ainihin zaren da kuka zaɓa, ku gani ku amince, sannan mu faɗi kuɗi da rana. Bayan an fara, sauya ado ko launi zai zama sabon lissafi.

Duk wanda ya riga ya ba da oda kafin wannan sanarwa, yarjejeniyarmu tana nan yadda aka yi ta, babu ƙarin ko kwabo. Masu son kayansu su iso kafin sanyi ya kankama a Disamba, yanzu ne lokacin yin magana.

Allah Ya sa mu ga hunturun lafiya, Ya raya mana zuri'a.

Naku a kullum,
Dukkanmu ma'aikatan shagon saƙa