Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Makaɗa da Masu Kayan Sauti

Assalamu alaikum. Iyayenmu makaɗa, shugabanni da 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga abin da ofishin sakatare ya tattara.

Tarukanmu na wata-wata sun gudana, in ban da na watan azumi da muka ɗage. Lissafin kuɗin taimakon juna yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa. Mun je barka da ta'aziyya inda ya kamata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne maganar akwatunan ɗaukar kayan kiɗa da na sauti. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Piyanon Yamaha da mutum ya saya shekarun baya, yau in ya lalace ba lallai ne ya iya sayen wani ba. Amma har yanzu da yawanmu a kwalinsa na kanti muke ɗaure shi da igiya, mu cusa a bayan adaidaita sahu. Da idona na ga abin da hakan ke jawowa. Muna dawowa daga wani biki cikin a-kori-kura, ruwan Agusta ya tare mu a hanya. Kwalin ya jiƙe sharkaf, mota ta faɗa rami, lasifika ta zamo ta danne piyanon, maɓallai suka kakkarye. Mai kayan yaro ne da bai daɗe da aure ba. Ya zauna bakin titi ya haɗa kai da gwiwa, ba wanda ya iya ce masa komai.

Daga nan aka kafa kwamiti. Ya zaga kasuwar Sabon Gari, ya zauna da kafintoci da masu aikin alminiyam, aka gano cewa akwatin da ake yi a nan gida ya wadatar, muddin an tsaya a kan aikin. Katakon filawud mai kaurin milimita 9, gefuna na alminiyam, kusurwoyi na ƙarfe, sannan soso mai tauri a ciki da aka yanka daidai jikin kayan. Ba soson katifa ba, domin shi lotsewa yake yi. Kafin ka biya kafinta, sa kayanka ka rufe ka girgiza. In ka ji motsi a ciki, aiki bai kammala ba. Amfilifaya, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, masu faɗin inci 19 a yi musu akwati mai murfi gaba da baya, a buɗe duka biyun lokacin aiki don iska ta ratsa, in ba haka ba zafi ya kashe su. A tuna da nauyi kuma: tayar akwati tana da daɗi a kan siminti, amma a yashin filin biki na ƙauye ba ta tsinana komai, sai a sa mariƙi a kowane gefe yadda mutum biyu za su ɗauka.

Inda muka fi ƙaruwa shi ne wajen iyayenmu masu kayan gargajiya, don sun nuna mana cewa abin da ya dace da piyano yana iya cutar da kalangu. In aka kulle kalangu da damina a akwatin da iska ba ta shiga, fatar ta yi laushi ta yi fumfuna, murya ta mutu. Da hunturu kuwa tsarkiya ke bushewa ta tsinke. Jakar fata irin ta dukawan kasuwar Kurmi, mai shafin yadi a ciki, ita ta fi masa. Goge da kukuma su ne ke son akwati mai ƙwari, tunda ƙoƙon duma ne, buguwa ɗaya ya tsage, ga izga da ba ta son a danne ta. Kada a bar su a but ɗin mota cikin zafin Afrilu. Wani baba mai kakaki ya nuna mana dabararsa: yana rarraba gaɓoɓin, ya naɗe kowace da tsumma, ya zura su cikin bututun roba irin na ruwa, ya toshe bakinsa. Ya ce tun da ya fara haka kakakinsa bai sake lotsewa ba. Da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba, shi na fara tunawa.

Abin da bai yiwu ba shi ne asusun rance don sayen akwati, wanda muka yi alkawari. Kuɗin da ya shigo bai kai ba, kuma ba mu so mu taɓa na marasa lafiya. Za a sake kawo maganar a taron Janairu. Duk mai son shiga jerin waɗanda za a yi wa akwati a farashin haɗaka, ya zo ranar da awon kayansa, tsawo da faɗi da kauri, a rubuce.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya