Ina Son Ɗana Ya Shiga Sikawut, Amma Kan Gidanmu Ya Rabu

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da sauran ma'aikatan wannan fili, na rubuto ne daga unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato, domin neman shawararki a kan wata magana da ta shafi tarbiyyar yaron wajena, wadda har yau mun kasa tsayar da baki ɗaya a kanta a gida.

Shekarar yaron takwas. Makarantarsu ta buɗe rukunin sikawut na ƙananan yara, kuma sharaɗin shiga shi ne ba a karɓar yaro shi kaɗai, sai uba ko uwa ko wani babba daga gidan ya yi alkawarin raka shi taron ranar Asabar, ya kuma duba ayyukan da ake ba shi ya yi a gida, ya sa hannu a littafinsa kafin a liƙa masa baji a riga. Wannan sharaɗi ne ya fi jan hankalina, domin yaron mai tsananin kunya ne, in ya dawo daga makaranta ba ya da aiki sai naniƙe wa wayata, alhali mu a zamaninmu gona da aike da kiwo su ne suke buɗe wa yaro ido.

Na kai shi taron gwaji, na zauna na gani da idona. An koya musu ƙulle igiya yadda ba za ta zame ba, sannan aka nuna musu abin da ake yi wa wanda haɓo ya ɓalle masa, abin da ba ya yi mana wuya a nan idan bazara ta kankama: a zaunar da shi, ya sunkuyar da kai gaba, a matse hancin na wasu mintuna, maimakon ɗaga kai sama da muka saba sa yara su yi. Yaron da ba ya iya haɗa ido da baƙo, sai ga shi ya riƙe hancin abokinsa yana yi masa bayani da murya a sake.

Matsalar ta taso ne da muka dawo gida, ya miƙa wa baffansa hannun hagu, wai haka 'yan sikawut suke gaisawa a tsakaninsu. Inna, mahaifiyar maigidana, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ba za a koya wa jikanta rashin ladabi ba tana raye. Baffan kuma mutum ne mai karatu, ya ce wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ne ya kafa ƙungiyar a 1907, ta shigo Nijeriya a 1915, wato shekara goma sha biyu kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, saboda haka bai ga dalilin da zai sa ɗan garin Shehu ya ɗaura ƙyallensu a wuya ba. A ganinsa a bar yaro ya girma ya shiga 'yan agajin Jama'atu ko na Fityanu.

Ban raina maganarsa ba, kuma ina ganin girman 'yan agaji, sai dai waɗanda nake gani a masallatan Juma'a da filin Idi samari ne da magidanta, ni kuwa yanzu nake son a tanƙwara icen tun yana ɗanye. Na karanta alkawarin da yaran suke ɗauka, ban ga komai a ciki ba face sauke haƙƙin Allah da na ƙasa da taimakon mutane a kowane lokaci. Na kuma san cewa 'yan sikawut na Saudiyya suna aikin mayar da alhazan da suka ɓata zuwa tantunansu a Mina duk shekara, kuma Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a tarihin baya-bayan nan, ita ce ta fi kowace ƙasa yawan 'yan sikawut. Amma ni suruka ce a gidan, ba zan tsaya ina ja-in-ja da Inna da yayan mijina ba.

Shi maigidan bai hana ba, bai kuma amince ba. Fataucin albasa yake yi zuwa Kudu, ba kowace Asabar take samunsa a gari ba, sannan ba ya son in riƙa zama cikin iyaye maza a madadinsa. Ga kuma Islamiyya, wadda hutunta Alhamis da Juma'a ne, don haka taron safiyar Asabar yana cin karo da hadda, ni kuwa ba zan yarda karatun Alƙur'ani ya samu tasgaro ba saboda komai.

Akwai abin da ni kaina yake hana ni barci, wato kwanan sansani. Da halin da ake ciki na 'yan bindiga a wajen Isa da Sabon Birni, babu uwar da za ta saki ɗanta ya kwana a daji. Malaminsu ya ce a cikin katangar makaranta za a kafa tantuna, amma ina so in san wane ne zai kwana da yaran, yaya aka tantance halinsa, kuma ko za a bar uba ko kawu ya kwana a wurin.

Malama, ta wace hanya zan bi in shawo kan Inna ba tare da ta ga kamar na fifita ra'ayina a kan nata ba? Shin ya dace in nemi ƙanena, kawun yaron, ya riƙa raka shi idan babansa ba ya gari, ko hakan zai zama kamar na tsallake dangin uba? Kuma laifi ne in roƙi malamin ya mayar da taron yammacin Alhamis, ya kuma bar yaranmu su gaisa da hannun dama? An ce za a rufe rajista a ƙarshen wannan zangon karatu, don haka ina roƙon ki taimaka mini da amsa kafin lokacin.

Allah Ya saka da alheri.

Taki,
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato