Sanarwa kan gyaran kwatocin unguwa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne na wannan zaure.

Damina ta ƙarato, kwatar da ta bi ta bayan masallaci kuma har yanzu cike take da leda da yashi. Kowa ya ga yadda ruwa ya ci gindin katangar gidajen ƙasa a bara. Shi ya sa Mai Unguwa ya amince mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidansa.

Shawarar da za mu kawo ita ce irin tsarin Orangi, wata babbar unguwar talakawa a Karachi ta Pakistan. A 1980 wani masanin raya al'umma ɗan ƙasar, Dakta Akhtar Hameed Khan, ya fara aiki da mazauna wurin, inda kowane layi ya zaɓi wakilinsa, ya tara kuɗinsa, ya haƙa magudanarsa da hannunsa. Masana sun taimaka da awo da zane da aron kayan aiki, babbar magudanar da ƙananan ke zuba ruwa a cikinta kuwa aka bar wa gwamnati. Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin kowane layi yana hannun mutanensa, don haka zargi ya ragu.

Mu ma kowane lungu ya fitar da mutum ɗaya kafin Asabar. Magina da masu awon fili, don Allah ku zo da tef. Iyayenmu mata su aiko da ra'ayinsu, su suka fi sanin inda ruwa ke kwanciya. Wanda ya ɗora dakali a kan kwata shi ma ya halarta, za a yi maganar cikin mutunci.