Kafin Ku Sayi Allo da Tuta, Ku Auna Iskar Dadin Kowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sammini fili a jaridarka mai farin jini, don in yi magana da samarinmu na Gombe a kan wani wasan ruwa da na ga ya fara shiga ransu.

Makon jiya ɗan wana ya same ni a gida bayan sallar isha, waya a hannu, yana ta murna. Ya ce, "Bappa, dubi abin da muka samu." Hoton allon hawa ruwa ne da ƙyallensa na kama iska, na hannu, wani yana sayarwa a intanet. Shi da abokansa uku sun yi wata bakwai suna adashe saboda shi. Na karɓi wayar na duba lambobin da ke jikin kayan: allon lita 95, ƙyallen murabba'in mita 4.2. Sai gabana ya faɗi, domin kusan irinsu na ɗauko daga Masar da kuɗin guminna, kuma na san abin da suka yi mini a ruwan Dadin Kowa.

Ga wanda bai san wasan ba, Turawa suna ce masa winsafin. Mutum yana tsayawa a kan allo mai tsawo, a tsakiyarsa an kafa sanda mai juyawa ko'ina, an ɗaura mata ƙyalle, shi kuma yana riƙe da mariƙi da hannu biyu, iska tana tura shi. Babu inji, babu mai. Ranar da masunta suka fara ganina da shi suka ce "ga mai allo da tuta", sunan kuma ya zauna, don haka da shi zan ci gaba. A Amurka wasan ya samu siffarsa ta yanzu, a hannun Jim Drake da Hoyle Schweitzer a ƙarshen shekarun 1960, ya shiga gasar Olamfik a Los Anjalis a 1984. A shekarar ce kuma aka kammala madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola. Ruwa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 300 yana kwance kilomita 37 daga cikin garin Gombe, kuma ni ban ga laifin yaron da ya kalle shi ya yi sha'awar hawansa ba. Sha'awar ce ma ta sa nake rubutun nan.

Na koyi wasan ne lokacin da nake karatu a Alƙahira. Idan aka yi hutu nakan tafi Dahab, a gaɓar Sina'i, inda iskar arewa take kaɗawa da ƙarfi kusan kullum, ta yi awanni ba ta sauya ba. A can na sayi allo mai lita 100 da tuta mai murabba'in mita 4.7, kuma a can ba su taɓa ba ni kunya ba. Da na dawo gida na kai su madatsa cikin watan Disamba, na hau. Allon ya nutse har ruwa ya rufe mini idon sawu. Na ja igiya na ɗaga tutar da ƙyar, ta tsaya tana lilo, ba ta ja ni ko taku goma ba. Na faɗa ruwa, na hau, na sake faɗawa, har hannuwana suka mutu. Ina cikin wannan fama ban lura ba ashe 'yar iskar da ta kasa tura tutar tana ta jan ni da allon a hankali, nesa da inda na shiga. Wani dattijo masunci ne ya biyo ni da kwalekwale ya ɗauko ni. Allah Ya saka masa da alheri. A hanya ya ce mini, "Malam, wannan abin naka ba na ruwan nan ba ne." Bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya faɗi gaskiya.

Lissafin allo ba shi da wuya. Lambar litar da ke jikinsa ita ce ke gaya maka nauyin da zai ɗauka, lita ɗaya kilo ɗaya. Nauyina kilo 78. Allon kansa wajen kilo 8, tuta da sanda da mariƙi wajen kilo 10, ga jiƙaƙƙun kaya a jiki. Ka ga an cinye lita ɗarin nan kaf. A Dahab abu biyu ne suka rufa mini asiri: ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar nauyi da kusan kashi 3 cikin ɗari a can, sannan iskar tana da ƙarfin da allon yake tashi ya riƙa shafar saman ruwa da gudu, kamar dutsen da yaro ya wurga a kwance. Ƙaramin allo don wannan gudun aka yi shi. Idan babu iskar da za ta tashe shi, ba shi da maraba da guntun katako.

Saboda haka mai koyo ya ɗauki nauyinsa ya ƙara masa lita ɗari ko fiye. Ɗan wana kilo 60 ne, allo mai lita 160 zuwa 180 zai yi masa. Babban mutum mai kilo 80 ya nemi mai lita 200 zuwa 220. Faɗin allon ma a duba, ya kai santimita 80 ko sama, don faɗi ne ke hana shi tangaɗi. Abin da ba na so kowa ya yi wasa da shi shi ne wuƙar tsakiya, wani falle da ake zurawa ƙarƙashin allon ya shiga cikin ruwa. Ita ce ke hana allo zamewa a kaikaice, ita ce ke ba ka damar komawa ɓangaren da iska ke fitowa. Nawa na Masar ba shi da ita, na hoton wayar nan ma ba shi da ita. Mai koyon da ba shi da wuƙar tsakiya, inda iska ta nufa can zai ƙare.

Maganar tuta ta fi tsawo, don ita ce ta haɗa ka da iskar garinku. Akwai wani lissafi na kintace da masu wasan suke amfani da shi ga wanda ya riga ya iya kuma yake son gudu: ka ninka nauyinka sau biyu da rabi, ka raba da gudun iskar a kilomita cikin awa. Ni 78 sau biyu da rabi ya ba da 195. A iskar kilomita 40, tuta ta kusan 5 ke nan, daidai da wadda na saya. To bayan abin da ya same ni, na sayi ɗan ma'aunin iska na hannu, na shiga rubuta abin da na gani a littafi duk ranar da na je bakin ruwa. Abin da ya fi yawa a littafin nan nawa a kwanakin hunturu, tsakanin kilomita 12 da 20 ne. Raba 195 da 18, za ka samu tuta ta kusan 11. Wannan tutar 'yan tsere ce, mai nauyi, mai tsada, wadda mai koyo ba zai iya ciro ta daga ruwa sau biyar a jere ba tare da bayansa ya riƙe ba.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, yawancin ranakunmu ba na gudun da ake gani a bidiyo ba ne. Ranakun tafiya ce a natse a kan babban allo, kuma wallahi akwai daɗi a cikinta, ka bar gaɓa ba ƙarar komai sai ruwa yana bugun ƙasan allo. Mai koyo ya fara da tuta 3.5 zuwa 4.5 idan ba shi da jiki, ko 4.5 zuwa 5 idan babba ne, yara ƙanana kuwa 2 ko ƙasa da haka. Idan hannu ya faɗa, bayan wata biyu ko uku, sai a ƙaro ta biyu mai 6.5 ko 7 don ranakun da iska ba ta da ƙarfi. A tuna kowace tuta da tsawon sandarta, a rubuce yake a gindinta, kamar 430 ko 460 ko 490 a santimita. Na ga wanda ya sayi tuta shi kaɗai da arha, ta zo ba ta shiga sandarsa ba, tana nan a naɗe har yau.

Iskarmu kuma ba fuska ɗaya gare ta ba, kuma nan ne nake so samari su saurara da kyau. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu. Takan tashi da hantsi, ta yi ƙarfi kafin azahar, ta kwanta da la'asar. Tana zuwa ne bugu-bugu, musamman kusa da tuddai, yanzu tuta ta cika, anjima ta saki. Tana kuma tura mutum wajen kudu, can ne kuwa bangon madatsa da mashigar ruwan injinan lantarki suke, wurin da bai kamata kowa ya kusanta ba. A zaɓi gaɓar da iska ke bi ta gefenta ko take turo mutum gare ta. Gaɓar da iska ke fitowa daga bayanka ta nufi tsakiyar ruwa ita ce mai yaudara, don ruwan bakinta lumui yake kamar an shimfiɗa tabarma. Idan ƙura ta yi kauri har ba ka hango ɗaya gefen, a haƙura.

Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, mai laushi. Amma hadari daga gabas yake haɗowa, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san iskar da ke riga ruwan sama isowa, wadda ke yaye kwanon ɗaki, musamman a farkon damina. Ƙarfin da iska ke yi a kan tuta ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Iskar kilomita 15 da ta koma 60 cikin 'yan mintoci ta ninka ƙarfinta sau goma sha shida. Babu tutar da ta dace da wannan, ƙarama ko babba. Dattijon nan da ya cece ni, wanda yanzu nake kai wa goro duk zuwa, ya taɓa tsayar da ni ina shirin shiga, rana tana haske tar. Na ce, "Baba, ai ban ga komai ba." Ya nuna mini gindin sama ta gabas ya ce in zauna. Ba a yi rabin awa ba sai ga ta, har kwalekwalen da ke ɗaure suna karo da juna. Ma'aunina yana gaya mini iskar da ke nan ne kawai, su kuwa masunta suna ganin wadda ke tafe.

Su ne kuma za su nuna maka inda suka shimfiɗa raga, da inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa, da wuraren da dorina ke zama, don akwai dorina a ruwan nan kuma manoman yankin sun san ɓarnarta. A gaida Sarkin Ruwa a nemi izini kafin a shiga. A sa rigar da ke hana nutsewa ko da an iya iyo, kada kuma mutum ya shiga shi kaɗai. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya saba shiga ruwa ya je asibiti a duba tsargiya. Kayan ma a ɓoye su daga rana, don zafinta na busar da ledar tuta ta tsage, allon da aka bari cikin mota a rufe a watan Afrilu kuwa yana iya kumbura ya ɓare, sai an sassauta ɗan notin shan iskar da ke jikinsa.

Ina kira ga masu ruwa da tsaki a harkar wasanni a jihar nan, da malaman jami'o'inmu masu nazarin yanayi, da su kafa ma'aunin iska a bakin madatsar, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana da yamma har shekara ta zagayo, a buga kowa ya gani. Littafina na mutum ɗaya ne mai zuwa ranar Asabar, bai isa a gina komai a kansa ba. Kafa ma'aunin nan zai amfani masunta da masu fito fiye da mu ma.

Ɗan wana bai ji daɗin maganata a daren ba, ya fita ransa a ɓace. Shekaranjiya ya dawo da abokan nasa, sun fasa sayen na hoton. Sun ce za su ƙara wata huɗu a adashen su nemi allo ɗaya mai lita 200 da wuƙar tsakiya, wanda duk su huɗun za su koya a kai. Tutata ta 4.7 tana nan lafiyarta ƙalau, ta yi daidai da masu koyo, na ce su zo su ɗauka da sandarta. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan kai su wurin Baba su gaishe shi, in kuma damƙa wa ƙaraminsu ma'aunin iskar da littafin ya ci gaba da rubutawa.

Na gode da wannan fili.

Naka mai karatu a kullum,
Daga unguwar Tudun Wada, Gombe.