Wasiƙar Godiya Ga Masu Shagon Da Suka Ƙara Wa Kwamfutata RAM

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in miƙa godiyata ga mai wannan shago da ma'aikatansa, musamman matashin injiniyan da ya duba kwamfutata ta kan tebur, saboda gaskiya da haƙurin da na gani a wurinsa sun yi ƙaranci a wannan sana'a.

Kafin in zo wurinku kwamfutar ta kai ni maƙura. Da ita nake shirya takardu da lissafin aikina, amma da zarar na buɗe 'yan shafukan intanet tare da Excel sai ta fara jan ƙafa, kibiyar linzami ta tsaya cak, ƙaramar fitilar faifan ajiya ta yi ta ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, ni kuwa ina zaune ina jiran harafin da na buga ya bayyana. Mai gyaran da na fara kai wa ko murfinta bai kwance ba ya yanke hukunci cewa ta tsufa, in sayi sabuwa, kuma yana da wadda zai sayar mini. Wani ya ce bairos ne, ya goge komai ya sake ɗora Windows, na sha wahalar mayar da manhajojina, amma matsalar tana nan daram.

Injiniyanku bai ɗauki sukundireba ba sai da ya ce, "Yallaɓai, buɗe duk abin da ka saba buɗewa mu gani." Da ta fara halin nata, sai ya buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da ke nuna yadda kwamfuta ke amfani da kayan cikinta, ya nuna mini cewa giga 4 na RAM ɗin da ke cikinta sun kusa cika maƙil. Ya bayyana mini cewa a RAM ne kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa a wannan lokacin, idan ta cika kuwa sai Windows ya riƙa kwashe wani sashe zuwa faifan ajiya, wanda saurinsa bai kama ƙafar na RAM ba. Abin da fitilar nan ke nunawa ke nan. Ya kuma tabbatar cewa Windows ɗina mai bit 64 ne, domin mai bit 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce kusan giga 4, kome yawan abin da aka ƙara masa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda ya hana ni ɓarnar kuɗi. Na ce ya sa mini giga 32, kuma ya sa nau'in RAM da ake kira DDR5 tunda ita ce sabuwa. Ya ce babban allon kwamfutata DDR4 kaɗai yake karɓa, kuma ko da yake dukansu biyu suna da haƙora 288, tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Game da yawa kuma ya ce giga 16 sun ishi irin aikina har da saura. Ya zaɓi guda biyu masu giga 8 iri ɗaya, ya sa su a gurbi na biyu da na huɗu kamar yadda littafin allon ya tanada, domin su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. A gabana ya zare wayar wuta, ya ɗaura abin sauke lantarkin jiki a wuyan hannunsa, ya riƙe kowace RAM ta gefe ba tare da ya taɓa haƙoranta ba, ya danna har maƙallan gurbin suka rufe da kansu. Bayan ya gwada su da MemTest86, manhajar gwajin lafiyar RAM, ya miƙo mini tsohuwar RAM ɗina a cikin leda, ya ce haɗa ta da sababbin zai iya mayar da su duka kan saurin wadda ta fi jinkiri. Bai kuma ɓoye mini cewa jinkirin kunnawa ba zai ragu sosai ba, domin wannan aikin faifan ajiya ne, sai in na sauya shi da SSD, wato ma'ajiya mai sauri fiye da faifan, kuma bai matsa mini in saya ba.

Ina takaicin yadda irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki. Da yawa daga cikin masu gyara sukan shige da kayan mutum can ciki inda ba ya gani, su cika shi da kalmomin da bai sani ba don ya ji kunyar tambaya, wasu su sayar da RAM da aka ciro daga wata kwamfuta da sunan sabuwa, wasu kuma su riƙe tsohuwar da suka cire kamar tasu ce. Wanda bai san DDR4 daga DDR5 ba ba shi da hanyar gane an cuce shi, kuma wannan rashin sanin ne jarinsu.

Yanzu ina buɗe shafukana da takarduna gaba ɗaya, kwamfutar ba ta tsayawa. Ina roƙon mai shago ya isar da godiyata ga wannan matashi, ya kuma riƙe shi hannu biyu. Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Wassalam.