Wasiƙa Zuwa Ga Yaya Kan Maganar Kufon

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya kasuwa? Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko za ka buga takardun rangwame, wato kufon, a kantinka irin waɗanda ake yi a nan Amurka. Kafin ka kai wa mai ɗab'i kuɗinka, ga yadda abin yake.

Kufon iri biyu ne: na kamfanin da ya yi kayan, da na kantin da ke sayarwa. A ce sabulun wanki dala 12 ne, mace ta zo da kufon ɗin kamfani na dala 3. Mai karɓar kuɗi ya haska shi a na'ura, ta biya 9. Dala ukun nan ba daga aljihun mai kanti ta fita ba. Tara takardun yake yi ya aika wa masu aikin tantancewa, irin su Inmar, su ƙirga, sannan kamfanin sabulu ya mayar masa da kuɗinsa, har da ƙarin senti 8 (senti ɗari ke yin dala ɗaya) kan kowace takarda, ladan wahala. Sai dai kuɗin kan yi makonni a hanya. In kuma kamfani ya nemi rasit ɗin sari, ya ga kufon ɗin da ka kawo sun fi kayan da ka saro yawa, ko sisi ba za ka gani ba.

Wajen mai saye, ƙananan rubutun nan na ƙasan takarda su ke kayar da mutane. Kufon ya ce babbar kwalba, ta ɗauko ƙarama. Ya ce sai an sayi biyu, ta ɗauki ɗaya. Ko wa'adi ya cika jiya. Na'ura ta ƙi karɓa, layi ya tsaya, na baya suna ta tsaki. Na cikin waya ma da nasa tarkon: sai ka shiga manhajar kantin ka danna shi tukuna, ka kuma ba da lambar wayarka wajen biya, in ba haka ba cikakken farashi za a caje ka. Kuma a nan jihar Niyok, harajin sabulun kan dala 12 ake lissafa shi, ba kan 9 ba. Sau tari ma, sabulun da ke ɗauke da sunan kantin ya fi wancan araha ko bayan an cire rangwamen.

Su kamfanoni ba sadaka suke yi ba. Cikin kufon ɗari da ake cusawa a jaridar Lahadi, da ƙyar ɗaya ke dawowa. Mai lokacin zama da almakashi ya samu sauƙi, mai gaggawa ya biya yadda aka rubuta. Tayi ne dai irin na kasuwarmu, sai dai su a takarda suke yin nasu. Kuma in mutane suka saba, janyewa sai ta zama bala'i. A 2012 kantin JCPenney ya soke kufon, ya ce ya sauke farashi gaba ɗaya. Cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekarar, a 2013 aka sallami shugaban.

To kai naka, Yaya, na kanti zai zama. Babu kamfanin da zai mayar maka, daga ribarka za a yanka, tamkar gyara. In ka ƙudurta, ka sa shi kan kayan da suka kwanta maka kawai, ragin kada ya kai rabin ribar da ke kansu. Kowace takarda ka ba ta lamba da hatimi, ka rubuta lambobin a littafi, kana sokewa in an kawo, don mai hotokwafi yana nan bakin titi. Wa'adi mako biyu, mutum ɗaya takarda ɗaya, kuma yaran kanti kada su riƙe ragowar.

A gaishe min da Inna da kyau, a ce ta sa mu a addu'a. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
daga Niyok