Hannuna ya iya aiki, amma sakamakona ya kasu biyu

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan fili na shawarwarin karatu. Ni matashi ne daga ƙaramar hukumar Kura a jihar Kano, bana na gama sakandare. Ina so in nemi gurbin karatun injiniyan lantarki a jami'ar MIT da ke jihar Massachusetts a Amurka, amma takardar sakamakona ta hana ni sakat.

A jarrabawar WAEC na samu A1 a lissafi da fiziks. Turanci da kemistiri kuwa C6 na samu, bayoloji D7. Rahoton makaranta ma haka yake: aji huɗu lafiya lau, aji biyar ya faɗi warwas, aji shida ya ɗan farfaɗo. A shekarar aji biyar ɗin ne mahaifina ya kwanta jinya mai tsawo, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Gona ta dawo wuyana, ranakun hutu kuma ina zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ina gyara a shagon wani ɗan'uwanmu domin kuɗin magani. Lissafi da fiziks ina iya binsu ni kaɗai da dare, amma darasin da sai an zauna gaban malami, ko an shiga ɗakin gwaji, ya wuce ni.

A wannan gonar ce na haɗa abin da nake taƙama da shi. Ka san noman ranin yankinmu da ruwan madatsar Tiga ya dogara, amma wanda gonarsa ta yi nisa da kwata sai ya ja ruwa da inji. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mai ya zama shi ne ke cinye ribar tumatir. Sai na haɗa famfo mai aiki da hasken rana da ƙaramin allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai sarrafa na'ura, na binne ma'aunin danshi a cikin ƙasa. Idan ƙasa ta bushe famfo ya tashi da kansa, idan ta sha ya tsaya, sannan saƙon tes ya shigo wayar manomi da Hausa. Ma'aunin farko da na sa tsatsa ta cinye shi, domin ƙarfensa tsirara yake cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma wuta na bi ta jikinsa. Na koma irin wanda aka lulluɓe, na kuma gyara manhajar yadda ba za ta ba shi wuta ba sai lokacin awo. Ni na rubuta manhajar da harshen kwamfuta na C++, a tsohuwar kwamfutar da na tayar daga tarkacen shago. Yanzu maƙwabtanmu na gona suna amfani da irinta, kuma ni suke kira idan ta tsaya.

Abin da ya ja ni zuwa MIT ba suna ba ne kawai. Tana cikin 'yan jami'o'in da ba sa duba ƙarfin aljihun ɗalibi wajen ɗaukarsa, ko da ɗan ƙasar waje ne, kuma idan sun ɗauke shi suna cike abin da iyayensa suka gaza biya. Suna kuma ba mai ƙere-ƙere damar tura hotuna da bidiyon abin da ya haɗa. Amma na san cikin mutum ɗari da suka nema, kusan huɗu ko biyar ake ɗauka, ga 'yan waje ma abin ya fi haka tsanani. Waɗanda zan yi gogayya da su, da yawa A1 ce jere a takardarsu, kuma su ma sun ƙera abubuwa.

Malam, ga inda na rasa tudun dafawa. A takardar neman gurbin MIT akwai wurin da ɗalibi zai iya bayyana dalilin faɗuwar makinsa. Baba mutum ne mai sirri, ba ya son a riƙa yawo da zancen ciwonsa, ni kuma ba na son rubutuna ya zama roƙon tausayi. Amma idan na yi shiru, mai karantawa zai ɗauka ni yaro ne da ke karanta abin da yake so kawai ya watsar da saura, alhali ba haka ba ne. Yaya ake faɗin irin wannan gaskiya ba tare da an zubar da mutuncin gida ba? Haka kuma suna neman wasiƙar shaida daga malamai biyu, ɗaya na lissafi ko kimiyya, ɗaya na harshe ko darussan zamantakewa. Malamin fiziks zai rubuta da zuciya ɗaya. Malamar Turanci kuwa a shekarar da nake fashin zuwa makaranta ta fi sanina.

Sai maganar lokaci da kuɗi. Zangon farko na nema yana rufewa 1 ga Nuwamba, na biyu a farkon Janairu, kuma dole sai da sakamakon SAT ko ACT, wato jarrabawar shiga jami'a ta Amurka, wadda da dala ake biyan kuɗinta. Kawuna ya ce in bar wannan dogon buri, in riƙe JAMB in nemi Bayero ko Ahmadu Bello ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Maganarsa tana da nauyi a wurina, kuma JAMB ɗin zan rubuta ko ta halin yaya. Sai dai kuɗin SAT daga kuɗin takin bana zai fito, Inna kuma ta ce ta yarda idan har akwai alamar nasara.

Shin in nema bana da wannan sakamako, ko in sake rubuta kemistiri da Turanci a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu in jira baɗi? Idan na shiga jami'a a gida na yi shekarar farko da maki mai kyau, hakan zai goge tabon aji biyar, ko ƙofar ce za ta ƙara ƙunci? An ce min ofishin EducationUSA da ke Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, yana taimaka wa ɗalibai marasa ƙarfi. Ya dace in fara zuwa can kafin in taɓa kuɗin taki?

Don Allah Malam ka faɗa min gaskiya ko da mai ɗaci ce, kuma a sakaya sunana saboda Baba yana sauraron shirin.

Ɗanka,
wani ɗalibi daga Kura.